Motar da Take Mutuwa a Ƙofar Baffa

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, lokacin da aka zuba wa ma'aikata ariyas na ƙarin albashi kowa ya rasa inda zai sa kansa, abokan aikina a makarantar da nake koyarwa duk sababbin motoci suka saya. Ni kuwa, da yake tun ina yaro ba na son bin layi, sai na sayi tsohuwa. Wani Bature malamin jami'a da zai koma gida ne ya sayar mini da ita, 'yar ƙaramar motar nan mai doro da ake ce wa kunkuru, wadda injinta yake a baya. Ta girmi ƙannena biyu. Sitiyarinta ma a dama yake, irin na kafin a canja hannu, don haka direba ne yake bin gefen kwata, fasinja kuma ya zauna ta tsakiyar titi yana salati duk sanda babbar mota ta taho.

Ranar da na shigo da ita layinmu a Tudun Wada, Baba ya fito ya zagaya ta sau ɗaya, hannuwansa a baya. Ya tambayi inda injin yake, na nuna masa. Ya ce, "A baya? To, Allah ya kyauta." Ya koma zaure abinsa.

Baba ba ya ƙaunar mota, kuma yana da dalili. Shekara bakwai kafin nan, yana Kano wajen wani malaminsa aka aika masa cewa jikin mahaifiyarsa ya yi tsanani. Motar da ya shiga ta lalace a hanya, suka yini a gindin bishiya. Da ya iso, sai ya tarar an dawo daga maƙabarta. Ƙanensa, Baffa, shi ya yi mata salla. Kowa ya san Baffa bai yi laifi ba, ba a ajiye gawa, Baba ma ya sani, tun da shi yake karantar da mutane wannan babin. Amma zuciyarsa ta ƙi karɓa. Tun daga ranar bai ƙara yi wa Baffa magana ba. In sun haɗu a wajen ɗaurin aure sai ya yi wa jama'a sallama gaba ɗaya da ƙarfi, don kada a ce ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, sannan ya juya kai. Ko sunansa ba ya kamawa, sai dai ya kira shi da unguwarsa, ya ce "mutumin Gyallesu".

Da bazara na sayi motar. Ba ta yi wata ba ta fara wata irin ƙara ta baya, ba ta da daɗin ji, har yaran layi suna toshe kunne in na wuce. Na kai ta wajen bakaniken bakin layinmu da yake aiki a gindin darbejiya. Ya buɗe baya ya nuna mini wani siririn bututu da ya taso daga salansa, ya bi ta ƙarƙashin wuyan kafireta, ya sake komawa salansa ta ɗaya gefen. Tsatsa ta cinye shi, ta nan hayaƙi yake fita.

Ya ce, "Ticha, wannan ai ba namu ba ne. Na ƙasar sanyi ne. Zafin salansa yake ɗaukowa ya ɗumama wuyan nan don kada fetur ya ji ɗari. Mu nan Zariya wane ɗari? Taɓa bayan motar nan ka ji."

Na taɓa, na janye hannu da sauri. Ya sa zarto ya yanke bututun, ya toshe ramukan biyu da walda, ƙara ta ɗauke. Ni kuwa abin nema ya samu. Mako guda na yi a ɗakin malamai ina bayani kan yadda Turawa suke jibga mana kayan da ba mu da bukata, har da zane a allo. Guntun bututun na kai gida, Inna ta mayar da shi abin tonon wuta a murhu.

Sai damina ta kankama, marka ta sauka, gwiwar Baba ta fara ciwo. Yana koyar da Larabci a wata makaranta can ƙarshen Gyallesu, kuma duk shekarun nan da ƙafa yake zuwa, ta wani lungu mai nisa da ya zaɓa don kada ya bi ta ƙofar Baffa. Da kyar Inna ta shawo kansa ya yarda in riƙa kai shi da safe kafin in wuce wajen aikina. Lungun nasa mota ba ta shiga. Hanya ɗaya ce, kuma ta ƙofar Baffa ta bi.

Daidai ƙofar akwai wata kwata da ta ratsa hanya, dole direba ya saki totur ya taka birki. Ranar farko, ana yayyafi, na saki totur, motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Na murza makulli, ta yi kuka ta ƙi tashi. Na waiwaya dama, sai ga Baffa zaune a bakin zaure yana ɗinkin hula, butar shayi a gefensa, tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Na waiwaya hagu, Baba ya kafe ido a gilashin gaba kamar ana nuna masa wani abu a ciki. Ni ne a tsakiya.

Na gai da Baffa ta taga, ya amsa da fara'a, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, ya tsallake ɗaya. Bayan kamar minti biyar na sake murza makulli, ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba.

Washegari ma haka. Jibi ma haka. In gari ya waye da rana garau, sai ta tsallake kwatar ko tari ba ta yi. In zan dawo da shi da azahar, ba ta taɓa yi ba. Amma duk safiyar da aka tashi da laima, kunkuru ba ta da wurin mutuwa sai ƙofar Baffa. Na canja filogi, na wanke kafireta, bakaniken gindin darbejiya ya ce ruwa ne a fetur, muka zubar da rabin tanki. Ba abin da ya canja.

Ni Baba ya fara zargi. Ya ce, "Kai kake kashe ta, na san halinka." Kashegari na riƙe sitiyari da hannu biyu, ya zuba wa makulli ido tun daga gida, ta mutu a gabansa. Sai ya koma kan Baffa. Da rana na ji yana gaya wa Inna cewa mutumin Gyallesu ya binne wani abu a kwatar nan. Inna ta ce, "Haba Malam, kai da kake hana mutane camfi?" Ya ce shi ba camfi yake yi ba, abin da ya gani yake faɗa.

Maganar mata ba ta kwana. Inna ta gaya wa matar Baffa, da safe kuwa muna mutuwa a ƙofa Baffa ya ajiye hularsa ya ce mini, "Ɗana, ka ce wa Yaya, da ina da abin da zai tsayar da shi a ƙofata, da ban jira shekara bakwai ba."

Na juya hagu na maimaita, ko da yake Baba ya ji sarai. Gemunsa ya motsa. Ya ce, "Ka ce wa mutumin nan ya gyara kwatarsa, yana cutar da Musulmi."

Na juya dama na ce, "Baffa, Baba yana gaishe ku, ya ce yaya ƙoƙari da iyali."

Baba ya ce, "Haka na ce?"

Na ce, "Ƙarar ruwa ce, Baba, ban ji sosai ba."

Gaskiya na ji daɗin wannan aiki, fiye da koyarwa ma. Kullum da safe sai in leƙa sama ina fatan hadari. Duk abin da ɗaya ya jefo sai in wanke shi in shafa masa mai kafin in miƙa wa ɗaya, su kuma suna jina, ba wanda ya isa ya gyara mini ba tare da ya yi wa ɗan'uwansa magana kai tsaye ba. Baffa ya fara miƙo shayi kofi biyu, ya ce ɗaya na direba, ɗaya na mota. Kwana uku ina shanye biyun. A na huɗu Baba ya ce shayi da yawa yana ɓata wa yaro ciki, ya karɓi ɗaya, ya juya wa ƙofar ƙeya ya kurɓa. Ya ce, ba da kowa ba, "Har yanzu bai iya sa sukari ba."

Wata safiya aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka mutu a kan kwatar, ruwa yana neman shigowa ta ƙasan ƙofa. Kafin in ankara sai na ji motar tana motsi. Na duba madubi, Baffa ne ya fito ba lema, ya dafa bayanta yana turawa, yana tari, irin tarin da yake fitowa daga can ƙasan ƙirji. A ranar na lura da yadda rigarsa ta jiƙe ta manne, duk ya rame.

Baba ya daka mini tsawa. "Ka ce masa ya bari! Ba ka jin tarinsa ne?"

Wannan saƙon ban gyara shi ba, yadda aka ba ni na miƙa.

Da yamma Baba ya kira ni zaure. Ya ce, "Ko ka gyara motar nan, ko in koma lunguna da ƙafa. Ba za a riƙa fito da mai ciwo cikin ruwa saboda ni ba." Inna ce ta gaya mini sauran, cewa tun bara Baffa yake zaryar asibiti da ƙirjin nan, likita kuma bai faɗi magana mai daɗi ba. Wasan ya fita daga raina. In na gyara, za mu riƙa wucewa fuu, minti biyar ɗin nan sun tafi. In ban gyara ba, Baba ya koma lungu, sun tafi ɗin dai. Na ji tsoro ƙwarai kada a sake aiko wa Baba da saƙo ya tarar an dawo daga maƙabarta, wannan karon kuma ba motar da zai ɗora wa laifi.

Aka kwatanta mini wani tsohon bakanike a Dutsen Abba, wanda ya daɗe yana tuƙa wani likita Bature. Na ba shi labari, bai ko kalli motar ba ya ce in dawo ranar Asabar da sassafe, in an tashi da laima. Allah ya sa aka tashi da ita. Ya sa na zaga unguwar sau biyu, na dawo na saki totur a gabansa, ta mutu. Ya ɗaga murfin baya da sauri, ya kama hannuna ya ɗora a wuyan kafireta. Sanyi ya ratsa ni har kafaɗa. Na sunkuya na duba, wuyan ya yi fari fat. Ƙanƙara ce, a Zariya, taku ɗaya daga salansar da za ta iya gasa masara.

Ya ce, "Malam, ka taɓa zuba fetur a hannu? Me kake ji?"

Na ce, "Sanyi."

"To haka wuyan nan yake ji in fetur yana wucewa da gudu. In iska da laima, sai raɓa ta taru a ciki ta daskare ta shaƙe shi. Kana sakin totur ta mutu. Ka ɗan jira, zafin inji ya narkar, ta tashi. Daga gidanku zuwa kwatar nan, daidai lokacin da ƙanƙarar take bukata ke nan." Ya nuna ramukan da aka toshe. "Akwai bututun da yake hana wannan. Wa ya yanke?"

Na ce, "Wani bakanike ne."

"Kai kana ina?"

"Ina riƙe masa murfi."

Ya dube ni ya ce, "Kuma kai ne kake koyar da yaran mutane." Ban gaya masa zancen zanen allo ba.

A bayan garejinsa akwai gawar wata kunkuru da kaji suka mayar gida. Daga jikinta muka kwance wuyan gaba ɗaya, da siririn bututunsa manne a ƙasa. Tsohon ya ce hannun da ya cire shi zai mayar, ya miƙa mini sufana ya zauna a kan benci. Na hura bututun, iska ta ƙi wucewa, baƙin hayaƙi na shekaru ya toshe shi ya zama kamar dutse. Ya ba ni tsohuwar wayar kuloci da bakinta ya tarwatse, ya ce in zura ina murzawa. Na zura, na murza, na ɗura kananzir, na bubbuga, na sake zurawa ta ɗaya bakin. Har azahar ina abu ɗaya. Da na sake hurawa da dukkan ƙarfina, sai toshiyar ta ɓalle ta ɗaya bakin, wanda na manta yana kallon fuskata. Tsohon ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Shi ya huda toshiyar waldar da ke jikin salansa, ya goge bakin ramukan. Ni na sauke kafireta, na cire tsohon wuyan, na zaunar da wannan, na sa sabon gaskit a kowane baki. Da na kama noti na farko zan ɗaure shi tamau, ya buge mini hannu. Ya ce, "In ka ƙure wannan, wancan gefen ba zai zauna ba. Kowanne ka kama shi da yatsa tukuna, sai duk sun shiga, sannan ka bi su kaɗan-kaɗan, nan kaɗan, can kaɗan." Haka na yi ta zagaye har suka ɗauru. Muka tayar da ita, ya bar ta ta yi zafi, ya tofa yawu a wannan bakin bututun ya yi cuu, ya tofa a wancan ya yi cuu. Na taɓa wuyan, ɗumi kamar goshin jariri. Ya ce in je, ko a cikin kogi ba za ta sake shaƙewa ba.

Ranar Litinin aka tashi da yayyafi. Muka doshi kwata, na saki totur, na taka birki, kunkuru ta tsallake tana waƙa. A madubi na hango Baffa, ya riga ya miƙe da kofi biyu a hannu, yana bin mu da kallo. Baba bai waiwaya ba, amma na ga idonsa a madubin gefensa. Har muka isa makaranta, ko Allah ya yi albarkar da ya saba yi mini in zai sauka ban samu ba. Ranar Talata Baffa bai miƙe ba, bai ma ɗago kai daga hularsa ba. Na tsani tsohon bakaniken nan da iya aikinsa, na tsani kaina da na nemo shi.

Ranar Laraba na yanke shawara tun kafin in fito. Makullin motar a jikin allon gaba yake, ta hagun sitiyari, tsakanina da fasinja. Na ce a raina muna hawa kwata zan yi kamar ina gyara wani abu in murɗe shi, in Baba ya kama ni in rantse da abin da ba zai sa ni kaffara ba. Muka iso, na saki totur, na saki hannun hagu a hankali na kai wajen makulli. Sai na ji hannu a wurin. Hannun Baba ne, mutumin da ko rediyon motar bai taɓa taɓawa ba. Ya riga ni, ya murɗe, inji ya yi shiru.

Muka dubi juna. Ya janye hannunsa ya gyara rawani. Ya ce, "Wannan motar taka ba ta da amana."

Na ce, "Wallahi kuwa, Baba. Jiya ma na lura."

Ya buɗe ƙofa ya sauka cikin yayyafi, ya zagayo ta gaban motar yana ɗingishi, ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama, ba ga jama'a ba, don babu kowa sai mutum ɗaya. Baffa ya yunƙura zai tashi, allura ta faɗi, ya ce, "Yaya." Baba ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi zaune, ya zauna kusa da shi a kan buzu, ya ce, "Zuba, amma ni zan sa sukarina." Na kifa kaina a sitiyari na yi kuka, ban ji kunyar masu wucewa ba. Ranar duk mu biyun mun makara.

Daga nan motar ta ci gaba da lalacewa a ƙofar Baffa kullum, da laima ko ba laima, har ranar Juma'a da ba makaranta. Ba wanda ya sake cewa in gyara ta.

Da damina ta zagayo, Baba ya tafi Kano gai da iyalan malaminsa. Kwana biyu da tafiyarsa matar Baffa ta aiko da asuba cewa jikin Baffa ya rikice. Ana ruwa na kama hanyar Kano, ana ruwa na ɗauko Baba muka juyo. Duk ramin da na saki totur a kansa sai in ji Baba ya riƙe numfashi, ya san irin wannan tafiyar. Kunkuru ko tari ba ta yi ba. Muka iso da sauran numfashin Baffa, Baba ya zauna ya riƙe masa hannu, shi ya laƙƙana masa kalmar shahada, shi ya yi masa salla.

Bayan addu'ar bakwai ya same ni a ƙofar gida ina goge motar. Ya ce in nuna masa bututun nan da ake ta magana. Na ɗaga murfi na nuna masa, siriri, baƙi, duk maiƙo. Ya sunkuya ya daɗe yana kallonsa, hannuwansa a baya. Sannan ya ce, "Allah ya yi wa wanda ya mayar da shi albarka." Har ya juya zai shiga zaure, sai ya tsaya. "Da wanda ya cire shi."